Guntun Gatarinka: Marubuci, Haɗa Wa Littattafanka Kanta Da Hannunka



Maƙalar wannan mako zancen katako ne da ƙusa da guduma. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da muka taru don koyon rubutu. Ku ɗan yi mini haƙuri ku ji abin da ya same ni, sannan ku yanke hukunci.

Shekara uku da suka wuce, a tsakiyar damina, wani ƙanena ya zo aron Magana Jari Ce. Na durƙusa na jawo kwalin taliyar da nake zuba littattafaina a ƙarƙashin gado, sai gindin kwalin ya zauna a ƙasa, samansa ya biyo hannuna. Gara ta shigo ta wata 'yar tsaga a simintin ɗakin, ta yi gininta a ciki, ta ci abin da ta ci. Littattafan da aka buga ban damu da su sosai ba, don wasu na sake saye. Abin da ya hana ni barci shi ne littattafan rubutu guda uku da na cika da labarina na farko, wanda na shafe kusan shekara biyu ina rubutawa da biro. Na farko ya tsira da ɗan lahani. Na biyu ya koma ƙasa tun daga tsakiya. Har yau ban iya sake rubuta waɗannan babuka yadda suke ba, kuma na haƙura.

Ban ga laifin gara ba, abincinta ta samu. Ni ne na haɗa mata duk abin da take so wuri guda: duhu, da danshi, da takarda, da kwali wanda shi kansa abinci ne a wurinta, sannan na yi wata biyar ban leƙa ba.

Yanzu ina tambayar kowa a cikinmu: a daidai wannan lokaci, ina littattafanka suke? Na tabbata da yawa za su ce cikin bakko a bayan ƙofa, ko cikin kwali a ƙarƙashin gado, ko a jibge a kusurwar ɗaki an rufa musu tsohon zane. Idan ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: ana jira a samu kuɗi a sa kafinta ya yi kanta mai kyau, mai gilashi. Ni ma wannan jiran na yi har gara ta riga kafinta zuwa.

Ra'ayina shi ne mu daina jira. Duk wanda yake son zama marubuci ya sayi falanki biyu ya haɗa wa littattafansa mazauni da hannunsa. Aikin yini ɗaya ne, bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, kuma abin da yake hana mu ya fi kama da jin nauyi da girman kai fiye da rashin kuɗi.

Mu duba yadda magabata suka yi. Malamin zaure yana sa littattafansa cikin gafaka ya rataye a bango. Uwargida tana ɗora ƙwaryar nono a maratayi. Manomi yana gina rumbunsa a kan duwatsu don kada gindinsa ya taɓa ƙasa. Dukansu abu ɗaya suka gane: abin da kake so ya daɗe, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka bar iska ta ratsa shi, ka sa shi inda idonka zai riƙa kai masa. Kanta ba ta wuce wannan ba. Mu da muka yi boko ne muka mayar da takarda ƙarƙashin gado.

Abin ya fi muni ga mu masu tara littattafan Hausa. Yawancin ƙagaggun labaran da aka buga a Kano daga shekarun 1980 zuwa farkon 2000 an yi su ne da takarda mai araha irin ta jarida, an ɗinke su da waya. Takardar tana yin ja ta riƙa karyewa, wayar kuma da ta ji danshi sai ta yi tsatsa ta ci tsakiyar littafin. Da yawansu ba a sake buga su ba. Wanda ya taɓa yawon neman wani tsohon littafi a wajen masu sayar da littattafai ya san yadda ake shan wuya. Mai yiwuwa kwafin da ke cikin bakkonki, 'yar uwa, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a garinku.

To me ya sa ba za a sayi ta kanti ba? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kowa ya san inda farashin kayan ɗaki ya nufa. Ban da tsada, yawancin kantocin da ake jerawa a shagunan kayan ɗaki an yi su ne da allon da ake kira MDF, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse. Yana da sheƙi da kyan gani, amma idan ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya jure a kwance shi a sake ɗaurawa. Mai zaman gidan haya, wanda yau yana nan gobe an ba shi takardar tashi, ya fi buƙatar katako na gaske da zai sha jifa a bayan a-kori-kura ya isa lafiya.

Ga abin da na yi, kuma kowa zai iya.

Kasuwar katako ba ta ɓuya. A Kano akwai 'Yan Katako ta Na'ibawa da ta Rijiyar Lemo, a Kaduna akwai Panteka, a Yamai akwai kasuwar da sunanta ma Katako. Kowane gari yana da tasa, ko da rumfa uku ce. Abin da za ka nema shi ne falanki biyu na awon da suke kira "wan bai twal", wato kauri inci 1, faɗi inci 12, tsawo ƙafa 12. Ka tafi da tef ɗinka ka auna, don wani falankin ba ya cika.

Wajen zaɓe, abu huɗu za ka lura da su. Na farko, bushewa. Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma idan ka yi aiki da shi, da hunturu ya shigo zai tsuke ya murɗe, wani ma ya tsage. Idan ɗanye kaɗai ka samu, ka kwantar da shi a inuwa mako biyu zuwa uku, ka sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta shiga. Na biyu, miƙewa. Ka ɗaga baki ɗaya ka sa ido ka bi gefensa har ƙarshe, in ya yi baka ka ajiye. Na uku, ƙwaro. In ka ga ƙananan huji da gari kamar fulawa yana zubowa, akwai mai ci a ciki, kada ka kai shi kusa da takarda. Na huɗu, iri. Farin katako ya fi araha, yana da laushi, ƙusa tana shiga ba gardama, sai dai ƙwari suna son sa, don haka dole a shafa masa magani. Jan katako irin su maɗaci ya fi ƙarfi da daɗewa, amma ya fi tsada, kuma ɗan koyo zai lanƙwasa ƙusoshi da yawa a kansa. Ga mai farawa, farin ya isa.

Kada zarto ya ba ka tsoro. A yawancin kasuwannin nan akwai masu injin yanka da na gogewa, kuɗi kaɗan suke karɓa. Ka rubuta awonka a takarda ka miƙa musu. Daga falanki na farko a fitar da guda biyu masu tsawon ƙafa 4, su ne bangon dama da na hagu, sai guda ɗaya mai inci 30. Daga na biyu a fitar da guda huɗu masu inci 30. Ka samu bango biyu da hawa biyar ke nan. Guntaye biyu za su rage, ɗaya wajen inci 24, ɗaya wajen inci 18. Kada ka bar su a kasuwa, za mu dawo kansu.

Me ya sa inci 30? Saboda takarda tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Idan ka bar hawa ya yi tsawon ƙafa 4 ba abin da ya tokare shi a tsakiya, bayan 'yan watanni zai yi ciki kamar igiyar shanya. Inci 30 kuwa yana ɗaukar kayansa bai lanƙwasa ba. Kuma ba ƙaramin wuri ba ne: santimita 76 ke nan, in kaurin littafi santimita 1 ne, hawa ɗaya zai ɗauki fiye da 70, gurbi huɗu su ɗauki kusan 300.

Sauran sayayyar ba yawa: ƙusa mai inci 2 da rabi, ƙananan ƙusoshi masu inci 1, ƙaramin gwangwanin farin gam na kafintoci, samfefa mai kaushi da mai laushi, siririn filawud da za a rufe baya, da maganin gara irin su Solignum. Guduma kuwa a aro a maƙwabta in babu.

A gida, ka kwantar da bangon nan biyu gefe da gefe ka ja layukanka a kansu lokaci guda, don kada hawa ya fito a karkace. Layin farko ya tashi inci 4 daga ƙasa. Wannan tazarar ita ce maganin abin da ya same ni: tsintsiya za ta shiga, ido zai gani, ruwan da ya malalo ba zai taɓa takarda ba. Gurbin ƙasa ka ba shi inci 12, don takardar A4 tsawonta inci 11.7 ne, nan fayil-fayil da manyan littattafai za su zauna. Sauran gurabe uku kowanne inci 9, ya ishi littattafan labari da na waƙoƙi. Ka tuna ka bar wa kowane hawa kaurinsa a cikin lissafi. Ka sake aunawa kafin ka buga, domin ƙusa ta fi sauƙin shiga a kan fita.

Ka shafa gam a bakin kowane hawa, ka buga ƙusa uku ta waje. Gam shi ne yake riƙe aikin, ƙusa tana danne shi ne har ya bushe. Wata dabara da wani dattijon kafinta ya nuna mini: kafin ka buga ƙusa kusa da bakin katako, ka juya ta ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe. Mai tsini tana raba zaren katako ta tsaga shi, dakusasshiya kuwa tana murƙushe shi ta wuce. Da ka gama, kafin gam ya kama, ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awo biyun sun zo daidai, kantarka ta miƙe. In ba su zo ba, ka ɗan tura ta har su daidaita, sannan ka buga filawud ɗin baya da ƙananan ƙusoshi. Wannan bayan shi ne yake hana ta rangaji.

Sai gogewa da samfefa, mai kaushi tukuna sannan mai laushi, kana bin tsawon katakon. Ka shafa maganin gara a waje, inda iska take, hannunka cikin leda ko safar roba, ka bar ta kwanaki har warin ya fita kafin ka shigar da ita ɗaki. Wasu suna shafa baƙin mai don araha. In za ka yi haka, ka tsaya a ƙafafu kawai, don yana ɓata takarda kuma warinsa ba ya barin ɗaki. Wajen ajiyewa, ka ɗora ƙafafun a kan fasassun tayil, ka bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da bango saboda danshin damina. Manyan littattafai a ƙasa, ƙanana a sama. In akwai yara a gidan, ka ɗaure samanta da waya a jikin ƙusar kankare, domin yaro yana ganin kanta tsani yake gani.

Guntayen nan biyu da na ce a taho da su: ka raba mai inci 18 gida biyu, ka kafa su a matsayin ƙafafu a ƙarƙashin mai inci 24. Ka samu ɗan teburin zaman tabarma, wanda za ka ɗora littafi ko kwamfuta ka yi rubutu ba ka dunƙule kamar mai tsince shinkafa ba. A kan irinsa nake rubuta wannan maƙalar. Wanda kuma yake son babban tebur, ya nemi tsohon ƙyauren katako a wajen masu sayar da kayan rusau, ya yi masa ƙafafu da katako "tu bai tiri", tsayinsa daga ƙasa inci 29 zuwa 30, ya haɗa ƙafafun da sanduna ta ƙasa don kada ya yi rawa.

Akwai hanyar da ta fi wannan araha, wato katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan shaguna da ɗakunan ajiya, wanda ake kira falet. Ana sayar da tsofaffinsa, kuma in aka kwance shi a hankali yana ba da 'yan falankai masu kyau. Sai dai a duba hatimin da ke jikinsa. In an rubuta HT, da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, ba matsala. In an rubuta MB, hayaƙin wani magani mai guba aka yi masa, a bar shi. Haka wanda ka ga tabon mai ko na wani sinadari a jikinsa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi.

Wani zai ce wannan cin abincin kafintoci ne. Ni ban ga haka ba. Mai katako ya yi ciniki, mai inji ya samu nasa. Gado da kujeru da ƙofofi da rufin ɗaki suna nan suna jiran kafinta, kuma su ne aikin da yake so. Duk wanda ya taɓa kai ƙaramin aiki a lokacin bukukuwa ya san yadda ake yi masa "dawo jibi" har ya gaji, don kayan amare sun sha gabansa. Ƙari a kan haka, tun da na yini ina fama da falanki biyu na daina yi wa kafinta tayin wulaƙanci. Wanda ya riƙe guduma ya san abin da yake biya.

Wani zai ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, kantata ta farko ta ɗan karkata hagu, akwai kuma inda ƙusa ta leƙo na lanƙwasa ta. Duk baƙon da ya shigo sai ya yi murmushi. Amma shekara uku ke nan ko shafi ɗaya ban sake rasawa ba, kuma ta biyu da na yi wa ƙanwata ta fi ta kyau nesa ba kusa ba. Da babu gara ba daɗi. Iyakar abin da zan yarda da shi shi ne kowa ya san matsayinsa: ɗan koyo ba ya taɓa rufin ɗaki, ba ya yin gadon yara mai hawa biyu, ba ya kama injin yanka ba tare da wanda ya iya a kusa ba. Yatsun da kake rubutu da su ba su da madadi.

Wata za ta ce wannan aikin maza ne. 'Yar uwa, hannun da yake ɗaga taɓarya ya yi daka, guduma ba za ta gagare shi ba, don taɓarya ta fi ta nauyi. Iyayenmu mata su suke daɓen ɗaki da kansu, su suke jere. Kuma abin lura ne a ce a ɗakin marubuciya akwai kabad guda cike da kwanukan da ba a cin abinci a cikinsu sai ranar suna, amma littattafan da ta rubuta da kanta suna cikin leda a saman sif. In an yanko katakon daga kasuwa, sauran aikin a tsakar gida ake yin sa.

Wani kuma zai ce zamani ya wuce takarda, komai yana waya. Haka ne, da yawanmu a waya muke rubutu, a WhatsApp da Wattpad ake karanta mu. Amma waya tana faɗawa ruwa, tana mutuwa, ana ƙwace ta a hanya. Wanda yake da hankali yana buga abin da ya rubuta a takarda ya ajiye, kuma takardar tana buƙatar wurin zama. Sannan akwai abin da waya ba ta yi. Yaron da ya tashi yana ganin littattafai a jere a ɗakin uwarsa, wata rana zai miƙa hannu ya zaro ɗaya. Da yawanmu ta haka muka fara, da littafin da wani ya bari a inda hannunmu zai kai. Littafin da ke cikin bakko ba ya kiran kowa.

Hujjar da ba a faɗa da baki ita ce ta fi ƙarfi: jin cewa mai digiri bai kamata a gan shi da guduma a ƙofar gida ba. Lokacin da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin koyon sana'a a ƙananan makarantun sakandare, har da aikin katako. A makarantu da yawa injinan da aka sayo sun tsufa a cikin akwatunansu, mu kuma muka haddace sunayen kayan aiki don jarrabawa ba mu taɓa riƙe ko ɗaya ba. Muka fito da tunanin cewa aikin hannu na wanda karatu ya ƙi ne. Wannan tunanin yana cutar da marubuci fiye da kowa. Sau nawa muke karanta labari an ce jarumi kafinta ne ko makaniki, amma har littafin ya ƙare ba mu ji ƙamshin katako ko sunan kayan aiki ɗaya ba? Yinin da na yi a 'Yan Katako na ji yadda ake ciniki, na ji kalmomin da ban taɓa gani a littafi ba, na ga yadda yaran shago suke tsokanar juna. Na koma gida da katako, na kuma koma da shafi huɗu na abin da zan sa a labari.

Saboda haka ga aikin wannan mako, kuma ba na rubutu ba ne. Yau da daddare kowa ya jawo kwalinsa ko bakkonsa ya zazzage, ya duba gindin, ya shanya abin da ya yi danshi a inuwa. Gobe ya auna bangon da kanta za ta tsaya. Ranar da ba aiki ya leƙa kasuwar katako ya tambayi kuɗin falanki biyu, ya kwatanta da abin da yake kashewa a data cikin wata biyu ko uku. Waɗanda suke gari ɗaya su haɗu su uku ko huɗu, su sayi guduma ɗaya da gwangwanin gam ɗaya da galan ɗin magani ɗaya, su yi wa juna aikin gayya, wannan Asabar a gidan wane, mai zuwa a gidan wance. Kada a jira damina ta kankama, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya haɗa tasa ya ɗauko mana hoto mu gani, ko da ta karkata. Tawa ma a karkace take, kuma littafin rubutuna na farko da ya tsira daga gara yana hawa na biyu, daga hannun dama.

Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa.